GitHub wajen tura faci, ra'ayina daga nan Bauchi

Jama'a tunda tambayar nan ta ƙi ƙarewa, yaran mu na jami'ar ATBU da na Folitaknik can Gwallameji kullum cikin tambaya suke wai da gaske mutum yana zaune a Bauchi zai tura gyara cikin manhajar da duniya ke amfani da ita kuma a karɓa, bari in zauna in faɗi yadda nake ganin GitHub a wannan harkar, da mai daɗin da mara daɗin. In dai faci, wato gyaran kod, kake so ka tura wa buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kod ɗinta yake a fili kowa zai iya karantawa ya gyara, to gaskiya ban ga wurin da ya kai shi sauƙin shiga ba, kuma sisi ba za ka biya ba. Sai dai sauƙin nan shi ne yake rufe wa mutanen mu ido, don koren maɓallin turawa yana nan yana kiranka tun facin bai gama haɗuwa ba, kuma babu inda GitHub zai ce maka dakata malam, aikin nan bai yi ba.

Akwai abin da mutane da yawa suke haɗawa, Git daban GitHub daban. Git shi ne kayan aikin da ke zaune cikin kwamfutarka yana ajiye tarihin duk canjin da ka yi, Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 lokacin da masu aikin Linux suka rabu da BitKeeper, kayan da suke wannan aikin da shi a da. GitHub kuma kamfani ne da ya zo a 2008 ya gina shafi a kan Git ɗin, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Ba don tarihi nake kawo wannan ba, don a wajen mu bambancin yana da amfani sosai. Git ba ruwansa da netwok. An ɗauke wuta, data ta ƙare, sabis ya gudu, in dai batirin laftof na da sauran rai za ka ci gaba da yanka reshe, wato layin aikinka na gefe, kana komit, wato ajiye canjinka, kana duba tarihi, sai lokacin turawa kawai kake buƙatar intanet, shi ma 'yan kilobait ne. Wanda ya saba komai sai a burauza shi ne yake zama ya naɗe hannu duk ranar da sabis ya yi tsiya.

Buɗe akawun ba wani aiki ba ne, imel da suna kawai, ba a tambayar katin banki. Inda sababbi suke cin tuntuɓe shi ne ranar turawa ta farko, su buga git push ya tambayi kalmar sirri su saka ta akawun ɗinsu ya ƙi, su sake sakawa ya ƙi, har su fara zargin an yi musu kutse. Ba kutse ba ne, tun watan Agusta 2021 aka daina karɓar kalmar sirri a nan, sai tokin, wata doguwar lambar shiga da shafin ke ba ka, ko makullin SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro. Hanya mafi sauƙi a ganina ka saka gh, ɗan kayan aikinsu na taminal, wato inda ake buga umarni da rubutu, ka buga gh auth login ka bi tambayoyin, shi ke nan ya ɗaure maka komai. Sannan daga 2023 suka fara tilasta wa masu tura kod tabbaci mai hawa biyu, wannan lambar da ke canzawa a waya. Ina goyon bayan abin ɗari bisa ɗari, amma don Allah lambobin ceto da za su ba ka ranar da ka kunna shi ka rubuta su a takarda ka ajiye a gida, kar ka yi musu skirinshot ka bari a cikin wayar da ita ce abin tsoron. Mun san yadda waya take a garin nan, yau tana hannunka gobe ta faɗa ruwa ko ta bi wani a cunkoson Wunti, in ta tafi da lambobin to akawun ɗin da duk aikin da ke jikin sunanka sai addu'a.

Toh sai maganar data, wadda ita ce ke fara zuwa ran kowa a nan. Tsarin dai shi ne ka yi fok, wato GitHub ya kwafa maka ma'ajiyar aikin zuwa ƙarƙashin sunanka, wannan a can sabarsu ake yi ba ya cin maka komai. Sauko da ita kwamfutarka shi ne mai ci, don git clone yana jawo tarihin aikin ne kaf tun daga ranar farko, kuma tsofaffin ayyuka tarihinsu kaɗai ya isa ya cinye datar da ka saya don wata guda. Yawanci ana ba mutane shawarar su ƙara --depth 1, ya jawo halin yanzu kawai. Yana aiki, amma ni ban cika son sa ga mai shirin tura faci ba, saboda yana yanke maka tarihi, ba za ka iya duba wa ya rubuta layin nan da dalilinsa ba, kuma wannan dubawar rabin aikin ce. Na fi son --filter=blob:none, shi yana kawo jerin komit ɗin duka amma tsofaffin fayiloli sai ka neme su yake sauko da su. GitHub yana karɓar duka biyun ba matsala, a nan kam na ba su maki.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurare ni, don nan ne shafin ba ya yi maka komai. Kusan duk aikin kirki yana da fayil mai suna CONTRIBUTING.md, GitHub yana ɗan nuna maka hanyar zuwa gare shi lokacin da za ka tura, amma ɗan rubutu ne a gefe wanda ido ke tsallakewa, alhali a cikinsa ne masu aikin suka faɗi yadda suke so a zo musu. Kuma kowa da al'adarsa wlh. Mutanen Django, kayan gina shafukan intanet, misali suna son gyara mai nauyi ya kasance da tikiti a Trac, shafinsu na ajiye matsaloli, tukuna, kuma saƙon komit a rubuta shi kamar abin ya riga ya faru, da lambar tikitin a gaba. Mutanen Git su kuma suna so a rubuta shi kamar umarni. Python sai ka sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa kafin a haɗa facinka, ayyukan Google ma haka. Wasu kuma layin Signed-off-by suke nema a ƙasan kowane komit, wanda git commit -s ke sakawa, al'adar da Linux ta fara a 2004, ma'anarta kana shaida cewa kana da haƙƙin ba da wannan kod ɗin ba ɗauko shi ka yi daga wurin aikinka ko wani wuri da ba a yarda ba. Duk wannan ba wahala ba ce, karatun minti kaɗan ne, amma wanda bai karanta ba daga layin farko ake gane shi.

Kafin ka taɓa kod ka leƙa ishu ɗin, wato shafin da aka kai rahoton matsalar, ka ga ko wani ya riga ya ce yana kai, ka ga ko masu aikin ma sun yarda matsala ce. In babban canji ne ka fara tambaya. Abin takaici ne mutum ya ƙona fetur a janareto ya kwana yana rubuta abin da za a ce masa mun gode amma ba ma son wannan a manhajar mu. Lakabin good first issue yana taimakawa, GitHub na barin ka tace da shi, sai dai a manyan ayyuka kafin ka gama karantawa wani daga Indiya ko Brazil ya riga ya ɗauka, don haka ni shawarata ka nemi matsakaicin aiki wanda kai da kanka kake amfani da shi, ɗan laburare, wato kod ɗin wasu da ka saka a furojet ɗinka ya ba ka ciwon kai, nan ne ka san inda yake ciwo.

Sannan reshe. Kar ka yi aiki a kan main, wato babban reshen fok ɗinka, yanka sabon reshe don wannan gyaran kaɗai, gyara ɗaya reshe ɗaya. Kuma gyara ɗayan ya zama ɗaya da gaske. Wannan ita ce cutar da na fi gani a wajen yaran mu masu ƙwazo, an ce ga kuskure a layi uku, sai ya shiga ya gyara ukun, ya ga sunan wani abu bai masa ba ya canza, edita ɗinsa kuma ta bi fayil ɗin gaba ɗaya ta sake jera shi, sai ga faci mai layi ɗari huɗu. Kamar ka kai wa bakanike mashin ya ɗaure maka birki ka dawo ka tarar ya sauke inji, ko da ya iya aikin ba za ka ji daɗi ba, don yanzu sai ka bi komai ka duba. Maganin abin yana cikin Git ba a shafin ba, git add -p zai riƙa nuna maka canjin gutsure gutsure kana cewa wannan e wannan a'a, sannan git diff --staged ka karanta abin da za ka tura da idonka kamar wani ne ya rubuta. Masu Windows ku ƙara kula da ƙarshen layi, don Windows da Linux ba iri ɗaya suke rufe layi ba, in saitin core.autocrlf bai zauna daidai ba sai ka ga fayil ɗin duka ya yi ja da kore alhali harafi ɗaya ka taɓa.

Saƙon komit kuma, don girman Allah a daina rubuta update ko fixed ko final final. Layin farko gajere, wajen harafi 50, ya faɗi abin da facin ya yi, a bar layi ɗaya fanko, sannan a yi bayanin dalili, me ke faruwa kafin gyaran, me ya sa wannan hanyar ka bi. Abin da ka canza kowa zai gani a kod, dalilin ne ba wanda zai sani in ba ka rubuta ba, kuma bayan shekara biyar wani zai zo yana bin tarihi yana neman sa. Turancin ba sai ya yi kyau ba, masu aikin nan da yawansu su ma ba harshensu ba ne, Jamusawa ne da 'yan Chaina da 'yan Rasha da sauransu, abin da suke so a gane kawai. Wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, imel ɗin da ka saka a git config yana shiga cikin kowane komit kuma duniya za ta gani har abada. In ba ka so, musamman 'yan uwa mata da ba sa son a riƙa bin su da saƙonnin banza, GitHub yana ba da adireshin noreply a cikin saiti, ka saka shi tun kafin komit na farko. Sai dai ka duba, wasu ayyukan masu neman sa hannu suna son imel na gaske.

In ka gama wannan duka, turawar kanta daɗi gare ta, nan kam ba ƙarya. Ka tura reshen, shafin ya fito maka da maɓalli, ka buɗe PR, wato kana roƙon masu aikin su jawo gyaranka cikin nasu. In ka rubuta Fixes da lambar ishu a bayanin, ranar da aka haɗa ishu ɗin zai rufe kansa. In aikin bai gama ba amma kana son a leƙa maka, akwai daraf tun 2019, ka buɗe shi a haka kowa ya san ba ka ce a haɗa ba tukuna. Akwai ɗan akwati da ke ba masu aikin izinin taɓa reshenka, ka bar shi a kunne, sau da yawa ɗan waƙafi ne ya rage sai su gyara da kansu su haɗa maimakon a yi ta kai da kawo.

Amma abin da ya fi burge ni, wanda saboda shi kaɗai zan ce wa ɗan Bauchi ya fara daga nan, shi ne GitHub Actions. Mu faɗi gaskiya, yawancin mu laftof ɗin hannu muke riƙe da shi, ram 4 ko 8, batiri ya gaji, fanka na kuka, ga zafin watan Afrilu. Akwai ayyukan da in ka ce za ka gudanar da gwajinsu duka, wato kod ɗin da ke duba ko gyara ya karya wani abu, a irin wannan na'urar to sai dai ta mutu a hanya. A GitHub kana tura facin injinansu za su ɗauka su gwada shi a Linux da Windows da macOS, in dai masu aikin sun tsara haka, kuma kyauta ne ga ma'ajiyar da take a buɗe. Kai da ba ka taɓa riƙe Mac ba sai ga shi ana gaya maka gyaranka ya karye a Mac, ga layin da ya karye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In karon farko ne kake turawa wani aiki za ka ga gwajin bai tashi ba yana jiran izini, kar ka damu ba laifi ka yi ba, tun 2021 aka sa haka saboda masu amfani da injinan suna haƙar kirifto a ɓoye, sai wani daga masu aikin ya danna. Kuma in ya yi ja ka buɗe ka karanta, kar ka tsaya jiran a gaya maka, mai duba faci da yawa ba ya ko kallon PR ɗin da gwajinsa ke ja.

Codespaces ma yana nan, kwamfuta ce sukutum a can wajensu kana sarrafa ta daga burauza, akawun na kyauta yana samun abin da ya kai awa 60 a wata a ƙaramin inji mai kwakwalwa biyu, da wurin ajiya gig 15. Amfaninsa a wajen mu shi ne duk manyan abubuwan da za a sauke a can ake sauke su ba da datarka ba. Illarsa kuma yana son netwok mai tsayawa, in sabis na rawa sai ka buga harafi ka jira shi ya fito, ranka ya ɓaci. Ni na ɗauke shi abin fita kunya ne, ba wurin zama ba. Ka riƙa kashe shi in ka gama, yana kashe kansa bayan minti 30 in ba a taɓa shi ba amma wannan ma daga cikin awanninka ne. Gyaran rubutu ɗan kaɗan kuma ba sai ka je can ba, kana kan shafin ma'ajiya ka danna ɗigo a kibod edita zai buɗe.

Wajen bita, wato lokacin da masu aikin za su bi facinka layi layi, shafin yana da kyau ga sabon shiga. Ana maka magana a daidai layin da ake nufi, mai dubawa zai iya rubuto gyaran da yake so ka danna maɓalli ɗaya ya shiga. Kuma komai a fili yake, za ka iya zama ka karanta yadda aka duba facin wasu ka koyi halin mutanen kafin ka tura naka, ni a ganina wannan karatun ya fi kwas ɗin bidiyo da yawa da ake sayarwa. Abin da shafin ba zai koya maka ba shi ne haƙuri. Yawancin masu riƙe da ayyukan nan ba biyansu ake ba, bayan sun tashi daga aikinsu ne suke zama, wani aikin ma mutum ɗaya ne tak yake ɗauke da shi. In an yi shiru ka ba shi sati ɗaya ko biyu sannan ka yi tuni sau ɗaya cikin ladabi, ba kullum ka riƙa kiran sunan mutum ba. Kuma maganarsu a tsaye take, ba sallama ba ina gajiya, sai kawai ka ga an rubuta wannan ba daidai ba ne canza shi. Wani ƙanena da ya fara samun irin wannan cewa ya yi "Yaya mutumin nan fa raina ni ya yi", na ce masa wanda ya raina ka ai ba zai ɓata lokacinsa ya karanta kod ɗinka ba, je ka gyara kawai. In kana ganin kai ne da gaskiya ka kawo hujja, gwaji ko misali, ana sauraro.

In kuma ka ga suna ɗari ɗari da baƙo akwai dalili. A watan Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta ya yi wajen shekara biyu yana tura faci masu kyau har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Tun daga nan duk mai hankali ya ƙara sa ido, don haka in an tambaye ka me ya sa ka taɓa fayil kaza ba wai don sunanka ko ƙasarka ba ne.

Toh bari in zo kan abubuwan da ban so ba. Na farko yadda yake riƙe faci in an sake shi. An ce ka gyara, wasu ayyukan suna so ka ƙara sabon komit a sama su dunƙule da kansu ranar haɗawa, wasu kuma suna so ka gyara tsohon da git commit --amend ko git rebase -i ka tura da ƙarfi. In za ka yi na biyun ka yi amfani da --force-with-lease, ya fi aminci don ba zai taka aikin wani da ya shigo reshen ba. Matsalar ita ce bayan irin wannan turawar maganganun da aka yi a kan layuka sukan koma tsofaffi su naɗe, kuma maɓallin kwatanta da shafin ke bayarwa in ka yi ribes, wato ka ɗora gyaranka a kan sabon aikinsu, yana haɗo maka da canjin wasu mutane, sai mai dubawa ya rasa me kai ka canza tsakanin jiya da yau. A nan Gerrit, wani kayan bitar faci na daban, ya fi shi nesa ba kusa ba. Shi Wikimedia ke amfani da shi, LibreOffice ma haka, kowane zubi na facinka yana da lambarsa, na ɗaya na biyu na uku, a jera a kwatanta. Gerrit ɗin fuskarsa ba ta da fara'a kuma shigarsa ta fi wuya, amma a wannan wurin ya yi gaba. A GitHub dabarar ita ce ka buga git range-diff a wajenka ka rubuta musu a taƙaice abin da ya canza.

Na biyu koren akwatunan nan na shafin mutum, masu nuna ranakun da ka yi aiki. Sun mai da abin gasa, yaro yana komit ɗin banza kullum don kar layinsa ya yanke, yana ɗauka yana sakawa a sitatus. An ga ƙarshen irin wannan tunanin a Hacktoberfest na 2020, lokacin da ake ba da riga ga wanda ya tura PR huɗu a watan Oktoba, mutane suka yi ta zuba shirme, a ƙara kalma ɗaya a README, fayil ɗin bayanin aikin, a tura, har masu ayyuka suka yi kuka aka canza doka cikin kwanaki ya zama sai aikin da ya ce yana ciki. Yanzu kuma AI ya zo ya ƙara wa abin gudu, mutum ya kwafi ishu ya manna wa na'ura ta ba shi kod ya tura bai ko gwada ba. Mutanen Gentoo, wani nau'in Linux, tun 2024 suka hana gudummawar da aka rubuta da irin waɗannan kayan, wasu ayyukan kuma sun yarda amma sai ka faɗa, shi ma yana cikin abin da za ka duba a dokokinsu. Ni ban ce kar a yi amfani da shi don fahimtar kod ba, amma layin da ba za ka iya kare shi ba in an tambaye ka kar ka sa sunanka a kai. Mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi ba akwatuna yake ƙirgawa ba, PR ɗaya zai buɗe ya ga yadda ka amsa da aka ce ka yi kuskure.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Sanarwa tana yawa, in ka bi babban aiki ba ka rage ba imel ɗinka zai cika kafin azahar. Shafin faci mai girma yana da nauyi a ƙaramar na'ura. Manhajarsu ta waya tana da kyau wajen karanta magana da ba da amsa kana cikin keke daga Yelwa zuwa cikin gari, amma ba wurin shirya faci ba ce, wanda waya kaɗai gare shi gara ya sauke Termux, taminal na waya, daga kantin manhaja na F-Droid ya saka git da gh a ciki, ana yi, sai dai yatsu za su gaya maka. Sannan akwai abin da ke ɗan damun wasu, ni ma yana ɗan taɓa ni, wurin da ya tara mafi yawan buɗaɗɗun manhajoji shi kansa kod ɗinsa a rufe yake kuma na kamfani ɗaya ne. Masu wannan ra'ayin sukan koma Codeberg na wata ƙungiya a Jamus, ko su kafa GitLab nasu kamar yadda GNOME da KDE suka yi. In ka iya Git da kyau duk ɗaya ne a wajenka, sunan maɓallin ne kawai ke canzawa.

Kuma kar ka ɗauka duk abin da ka gani a GitHub a nan ake tura masa. Linux tana da ma'ajiya a can ƙarƙashin sunan Torvalds amma madubi ne kawai, ba a karɓar PR, faci ta imel ake aikawa, ka fitar da shi da git format-patch, ka bi shi da checkpatch.pl ya duba maka tsari, get_maintainer.pl ya gaya maka wa za ka aika wa, sannan git send-email. Kar ka manna faci a cikin Gmail na burauza, yana lalata tazarar layuka ya ƙi hawa. Shi kansa Git ta imel ake masa, sai dai suna da GitGitGadget da ke ɗaukar PR ya mai da shi imel. Wata 'yar dabara da nake so, duk PR in ka ƙara .patch a ƙarshen adireshinsa zai ba ka shi a rubutu zalla, mara nauyi, ka ajiye ka karanta ko ba netwok, kuma nan za ka ga ainihin kamannin abin da ake kira faci.

Ga masu son saka Hausa a manhajoji, waɗanda na san suna da yawa a nan da Gombe musamman masu aikin Wikipedia ta Hausa, ku duba kafin ku buɗe PR a kan fayil ɗin fassara, don galibi ba ta nan ake karɓa ba. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, ta translatewiki.net ake fassara ta, Mozilla suna da Pontoon, wasu da yawa Weblate suke amfani da shi, daga can ne fassarar ke gangarowa cikin ma'ajiyar da kanta, in ka gyara fayil ɗin kai tsaye zubi na gaba zai shafe aikinka. Inda aka yarda a tura ta PR kuma ka tabbata editanka yana ajiyewa a UTF-8, tsarin da ke riƙe haruffa irin namu, ka buɗe shafin Files changed ka duba da idonka cewa ƙ da ɗ da ɓ sun fito yadda suke ba su koma alamar tambaya ba, don mai dubawa a can ba ya jin Hausa, duk abin da ka ba shi haka zai haɗa.